Maijegon da Aka Hana Tashi

Insaf matar ƙanena Mahrus ce, kuma tun ranar da aka kawo ta gidanmu a garin Dumyat na san za a sha tambaya. Amarya ce fa, lalle bai gama bushewa a hannunta ba, amma ta tsaya a bakin shagon mijinta tana tambayarsa me ya sa katako in ya sha rana yake tsagewa ta tsawo, ba ya tsagewa ta faɗi. Mahrus ya shekara goma sha biyar yana sassaƙa ƙafafun kujera, bai taɓa damun kansa da wannan ba. Ya ce mata haka Allah ya yi shi. Ta ce, "Na san Allah ne ya yi, ni ta yaya ya yi nake tambaya." Mahaifiyarmu, Hajiya Atiyat, ta juyo ta dube ni ta ce, "Tahani, yarinyar nan za ta sa mana hawan jini."

Makaranta a aji biyu na sakandare ta tsaya mata, shekarar da ubanta ya rasu. Sai ta koyi saƙar gora, irin mai ƙananan idanu da ake yi wa mazaunin kujera da bayanta, kuma a duk layinmu babu mai saurin hannunta. A kan rufin gida take aikinta, ita da bokitin ruwan da take jiƙa gorar. In aka ƙunso mata kifi a tsohuwar jarida, sai ta shimfiɗe jaridar ta karance ta tas, da ƙarnin da komai, kafin ta ɗora tukunya. Ni dai ina sonta, amma ba zan ɓoye ba, wani lokaci tana gajiyar da ni.

Haihuwarta ta fari namiji ne, aka sa masa Wagdi. Kwana uku da haihuwa Insaf ta miƙe. Ta share gida, ta wanke labule, ta goge turmin tagullar da za a buga ranar bikin bakwai har yana ɗaukar ido. Muka yi ta yaba mata, kuma ni ce kan gaba, don ni a haihuwata ta fari kwana goma na yi a kwance ina nishi. Hajiya kuwa har bakin titi take fita tana faɗa wa mata cewa ita ta yi dacen suruka, ba irin 'yan matan yanzu masu jikin auduga ba.

Ranar bakwai agwagwa bakwai ta cusa wa albasa da hannunta, ta dama mugat, kunun jegon nan namu mai man shanu da gyaɗa, wanda ya ishi unguwa kaf. Tana zubawa tana raha, tana waƙa, tana ba kowa amsa tun bai gama tambaya ba. Babu wanda ya lura cewa tun da ta haihu ba ta yi barcin kirki ba. Ko da mun lura ma, da yabo za mu ƙara.

Washegari ta cire 'yan kunnenta na zinari ta ba mai tallar ganye, wai ta ga matar tana da kyan kunne. Kwana biyu bayan haka ta warware saƙar kujeru goma sha biyu da aka gama wa wata amarya, wai ta gano sabon zane da babu wanda ya taɓa yi a duniya. Sannan wata ranar Talata da hantsi aka neme ta aka rasa, ita da jaririn. Wani direban ƙaramar bas ne ya dawo mana da su. A bakin teku ya same ta, inda kogi ke shiga ruwan gishiri, ba takalmi, tana ɗaga yaron sama wai tana nuna masa inda ruwa biyu ke haɗuwa. A ranar Hajiya ta karɓe Wagdi daga hannunta ta miƙo mini.

Lokacin ina shayar da 'yata ta uku, sai na haɗa su, ɗaya a dama ɗaya a hagu. An ce na kwana biyu ne. To bayan mako uku sai Insaf ta faɗi ƙasa warwas. Ta kwanta ta juya wa ɗaki baya, ba ci, ba wanka, ba magana. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ta daina tambaya. Ko an kawo mata yaron sai ta dube shi ta ce a mayar, ita ba ta cancanta ba.

Hajiya ta ce aljanar nan ce mai kishi da masu jego, aka yi ruƙiyya, aka yi turare, babu canji. Wani likitan unguwa ya ce baƙin ciki ne, ya rubuta mata ƙwaya. Kwana goma sha biyu da fara sha muka ga ta tashi, muka yi hamdala. Kwana goma sha biyar muka same ta tana shafa wa matakalar gida fenti shuɗi, ta maƙwabta ma ta fara. Sai a nan Mahrus ya ce ya isa haka, ya ɗauki mota muka tafi Mansura wurin likitar ƙwaƙwalwa, wata doguwar mata mai suna Dakta Nagwa.

Ita ce ta gaya mana sunan ciwon. Ta ce likitoci na kiransa bayifola, mutum ya hau sama fiye da kima sannan ya sauka ƙasa fiye da kima. Insaf ta raɗa masa nata sunan, hawa da sauka, kuma da shi muke kiransa har yau. Aka canza mata magani, aka ba ta wani mai suna litiyom, a hankali ta dawo daidai. Na san ta dawo ne ranar da muka koma asibiti ta zaro guntun samfefa, takardar goge katako, daga jaka, ta rubuta tambayoyi cike da bayansa.

"Likita," ta ce, "ƙwayar da aka fara ba ni ta maganin baƙin ciki ce, ko? To me ya sa ta haukata ni?"

Na zungure ta da gwiwar hannu. Likitar ta ce in bar ta. Ta ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu sinadarai da ke kai saƙo tsakanin ƙwayoyin halittarta, ɗaya daga ciki sunansa sirotonin, kuma yana da hannu a barci da cin abinci da walwalar zuciya. Waccan ƙwayar aikinsa take ƙarfafawa. Ga mai baƙin ciki zalla tana taimakawa, amma ga mai irin ciwon Insaf, in aka ba shi ita kaɗai, tana iya cilla shi sama.

"To nawa sirotonin ɗin yawa ya yi ko kaɗan?"

"Ba tulu ba ne da zan leƙa in gani," in ji likita. "Mun san yana cikin maganar, shi da wasu irinsa. Amma yadda abin yake a zahiri, gaskiya ba mu gama sani ba."

Insaf ta juyo ta dube ni fuskarta fal murna. "Yaya, kin ji? Likita ce ta ce ba ta sani ba!" Ni abin tsoro ya ba ni, ita kuwa kamar an yi mata kyauta. Da likitar ta ƙara gaya mata cewa mafi yawan sirotonin ɗin ma a hanji ake yinsa, sai ta riƙe ciki tana dariya, ta ce ashe shi ya sa Mahrus ba ya hankali sai ya ci abinci. Likita ta ce na hanji ba ya hawa kai. Insaf ta ce wa ya hana shi? Sai da aka yi mata bayanin wannan ma.

Tambayar da ta fi damunta tana can ƙasan samfefar. Me ya sa sai da ta haihu? Likita ta ce akwai wasu sinadaran kuma da ake kira homon, su a jini suke yawo. A lokacin ciki na mace suna hawa su ninka kansu sau da yawa, da zarar mabiyiya ta fita sai su faɗo cikin 'yan kwanaki, kuma faɗuwar tana girgiza sirotonin da 'yan uwansa. Kowace maijego tana jin wannan girgizar, yawanci kuka ne na kwana biyu ya wuce. Amma wadda ke da gadon ciwon, kuma ta rasa barci a daidai waɗannan kwanaki, ita ce ke tashi sama.

Can Insaf ta ce, "Babana kowace bazara sai ya sayi tattabaru fiye da ɗari, in sanyi ya shigo kuma ya rufe kansa a ɗaki, mu ne ke ba su hatsi." Likita ta rubuta wani abu a takarda. A mota muna dawowa Insaf ta ce mini ita duk tsammaninta son tattabaru ne kawai.

Shekara biyar ta yi lafiya lau. Tana shan ƙwayarta, tana zuwa gwajin jini, har da na wani ƙulli da ke maƙogwaro mai fitar da nasa homon, wanda ta ce maganin kan taɓa shi. Duk zuwa sai ta dawo da sabon labari, ta tsare ni a kan rufi tana saƙa tana yi mini karatu. Na san sunan sinadarai huɗu ba don ina so ba.

Wagdi kuwa yana gidana, layi biyu tsakaninmu da su. Da farko don ba ta da lafiya ne. Daga baya aka ce ya saba, kada a tayar masa da hankali. Daga baya kuma aka daina maganar gaba ɗaya. Ni yake kira Mama, ita kuma Mama Insaf, kamar yadda yara ke kiran maƙwabciya. Kullum da yamma tana zuwa da ɗan abin taɓawa, ta duba littafinsa, ta gyara masa wuyan riga, ta koma gida ita kaɗai. Ni 'ya'ya mata uku Allah ya ba ni, ban samu namiji ba. Ban taɓa cewa ta ɗauke shi ba, ita ma ba ta taɓa nema ba.

Ciki na biyu da shawarar likita ta ɗauke shi, aka yi ta jujjuya mata magani ana duba ta duk wata. Da ya kai wata takwas ta aika a kira ni. Na same ta a kan rufi da azahar, kujera a tsakanin ƙafafunta, cikin ya hana ta sunkuyawa.

"Yaya, zauna. Wannan ni zan riƙe abina."

"Wa ya ce ba ke za ki riƙe ba?"

"Babu wanda ya ce. Wancan ma ai babu wanda ya ce."

Maganar ta shige ni. Ta ci gaba da lissafa mini abin da suka tsara da likita. Ranar da ta haihu za ta koma kan maganinta sosai, saboda haka ba za ta ba da nono ba, madara za a ba jaririn. Barci kuwa dole ne, dare da rana, ni zan kwana a gidan in riƙa ba da madarar dare. Babu baƙi sai ta yi ƙwari. Bikin bakwai kuma mu kaɗai, 'yan gida.

"Ga wanda ya fi muhimmanci," ta ce, ta miƙo mini lambar wayar likita. "In kin ga na tashi ina raha, ina cewa ban taɓa jin daɗin jikina haka ba, ina son in dafa wa unguwa abinci, to kada ki yarda da ni. Zan fi ki iya magana. Zan kawo miki hujja har ki ga kamar ke ce mahaukaciyar. Ƙila ma in zage ki. Ki buga wayar kawai."

"Ki zage ni ki gani," na ce, muka yi dariya.

Da Hajiya ta ji tsarin sai ta dafe ƙirji. "Maijego ba baƙi? Mutuwa aka yi? Madarar gwangwani kuma, ga nono Allah ya ba ta? Ni na haifi shida, kowanne gidan nan cika yake yi har bakin titi, wanne ne a cikinku ya haukace?" Mahrus ya ce, "Hajiya, umarnin likita ne." Ta ce, "Likitar ta taɓa haihuwa?" Insaf ta ce ta tambaya, 'ya'yanta uku. Hajiya ta ce to ita ta sani, Allah ya kyauta.

Mace aka haifa, Rawiya, 'yar ƙarama mai gashi cike da kai. Kwanakin farko komai ya tafi daidai. Ina kwana a falo da jaririyar, da safe in kai wa uwarta, ta rungume ta tana ƙirga mata yatsu tana tambayata ko na san jariri yana gani. Da hantsi sai in tafi gidana in ga nawa yaran in dafa musu abinci, in bar Hajiya, da sharaɗin Insaf ta yi barcin rana. Ina dawowa la'asar sai in same ta a zaune, Hajiya ta ce yanzun nan ta tashi.

Rana ta biyar na shiga kicin don in wanke kwalbar madara, sai na ga kofunan mugat a jiƙe cikin roba. Na ƙirga, ashirin da uku. Na fito da ɗaya a hannuna na ce, "Hajiya, su wa suka sha wannan?"

"Mutane ne suka zo barka."

"Ba mun ce babu baƙi ba?"

"Ni zan kori matar liman daga ƙofa? Ni zan ce wa Ummu Shahata, da ta taso tun daga bakin teku, ta koma ba ta ga maijego ba? Ke Tahani ki ji tsoron Allah. Ai ɗan tashinta kawai nake yi ta gaisa, ta koma ta kwanta."

Ashe kullum ina fita ake buɗe ƙofa. Ɗaya ta tafi, Insaf ta fara lumshe ido, wata ta shigo a sake tashinta. Kuma Hajiya ba mugunta take yi ba, wallahi a ganinta mutuncin surukarta take karewa, kada a ce ta yi girman kai. Na yi faɗa har muryata ta dushe, na ce gobe ba zan fita ba. Amma washegari ƙaramar 'yata ta tashi da zazzaɓi, dole na leƙa gida.

Da azahar na dawo. Tun daga matakala na ji waƙa. Na tarar da Insaf a kicin, ta ɗaure kai, agwagwa huɗu a fige a kan tire, albasa tsibi guda a yanke. Idanunta na ƙyalli. Hajiya na zaune a kujera tana riƙe da jaririyar, bakinta har kunne.

"Kin gani ko?" in ji Hajiya. "Yarinya ta warke ras. Da ma zaman ɗaki ne ke sa mata ciwo."

"Yaya, zo, zo ki ji!" Insaf ta kamo hannuna da hannunta mai albasa. "Na gano abin. Jiya na zauna na lissafa. Ba faɗuwar homon ɗin ba ce matsalar, saurin faɗuwar ce, kuma in mutum ya motsa jiki jini zai zagaya, sirotonin na hanji zai samu hanya, likitocin ba su lura ba ne don su ba su taɓa tsayawa a kicin ba. Bayan biki zan je Alƙahira in yi musu bayani. Gobe kuma kowa zai zo, na aika a gaya wa layi uku."

Abin da ya ba ni tsoro shi ne, rabin maganar kamar da ma'ana. Kalmomin duk nata ne, waɗanda ta shekara biyar tana koya mini. Sai dai gudun ya yi yawa, ko numfashi ba ta tsayawa ta ja.

"Insaf, barcin awa nawa kika yi jiya?"

"Ban ji barci ba. Ban taɓa jin daɗin jikina haka ba, Yaya."

Na zare hannuna na ciro waya daga jaka. Tana gani ta daina murmushi.

"Wa za ki kira?"

"Wadda kika ce in kira."

"Lokacin ai tsoro nake ji. Yanzu lafiyata ƙalau, ga Hajiya ta shaida. Ajiye wayar nan." Na fara danna lamba. Sai ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji. "Na gane! Kin cinye ɗaya, yanzu kina son ta biyu. A ce na haukace, a miƙa miki ita kamar yadda aka miƙa miki Wagdi. Ke ba ki haifi namiji ba sai kika zauna a kan nawa shekara biyar, kina kallona ina zuwa gidanki kamar baƙuwa, ko sau ɗaya ba ki taɓa cewa ga ɗanki ba!"

Na juya wurin Hajiya ko za ta tsawata mata. Hajiya ta sunkuyar da kai tana gyara wa jaririyar zani. Nan na gane ita ma ta taɓa tunanin haka. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi niyyar in jefa wayar a jaka in tafi gidana, su ci agwagwarsu. An gargaɗe ni za a zage ni, amma ni zagin banza na shirya wa, irin wanda mutum zai karkaɗe. Wannan kuwa akwai gaskiya a cikinsa. Na tsaya a bakin kicin ina hawaye, na buga wayar.

Dakta Nagwa ta ce a kawo ta a ranar. Mahrus ya rufe shago ya samo mota. Hajiya ta miƙo mini jaririyar ta ce in wuce da ita gidana kafin su dawo. Na ce a'a, da uwarta za ta tafi. Haka muka je Mansura, Insaf na zagina tun daga Dumyat, 'yarta a kan cinyarta, ni ina gefe na tallafe kan yarinyar da tafin hannu.

An zo da wuri, in ji likita. Ta ƙara mata wani magani mai sa barci, ta ce za ta iya komawa gida in har akwai mai tsare ƙofa da gaske, in babu kuwa sai kwanciya asibiti. Na ce akwai.

Na ɗauki kujerar da Insaf ba ta gama saƙa wa baya ba, na ajiye a gindin matakala, na zauna. Ranar bakwai mata suka yi ta zuwa da kyandir da alewa, ina mayar da su ɗaya bayan ɗaya. "Maijego na barci, an ɗaga biki, mun gode, Allah ya bar zumunci." Wata ta ce ko gidan gwamna ne. Wata ta ce da ma an san ni da mallakar gidan ƙanena. Matar liman ta dube ni sama da ƙasa, ita ma na ce mata barci ake yi. Agwagwar kuwa kwana huɗu muka yi muna ci, har Mahrus ya ce in ya sake ganin albasa zai bar gari.

Insaf ta yi barci kamar ba za ta tashi ba. In ta farka ba ta yi mini magana, sai dai ta miƙo hannu in sa mata 'yarta. Sau biyu Hajiya na cewa in tafi da yarinyar gidana ko na mako ɗaya, kowa ya huta. Na ƙi. Ba don ba na so ba, ina so mana, yarinyar har ta fara gane ƙamshina. Shi ya sa ma na ƙi.

Ranar ashirin da ɗaya aka yi bikin, mu bakwai a falo. Aka kwantar da Rawiya a cikin rariyar tankaɗe, aka watsa gishiri. Insaf ta tsallake ta sau bakwai a hankali, jikinta da nauyin magani, ni da Mahrus muna riƙe da ita. Hajiya ta naɗe taɓaryar tagulla da tsumma don kada ƙara ta yi yawa, tana bugawa tana yi wa jaririyar huɗuba kamar yadda aka saba. "Ki ji maganar uwarki, kada ki ji ta ubanki. Ki ji maganar kakarki." Ta ɗan harare ni. "Ta gwaggonki kuwa, ko ba ki so sai kin ji."

Bayan arba'in likita ta rage maganin barcin, Mahrus ya karɓi madarar dare, na koma gidana, sai dai in leƙo da safe. Wata ranar Laraba na hau na same ta a kan rufi tana jiƙa gora, yarinyar a kwando kusa da ƙafarta. Ta riga ta yi mata wanka, ta ba ta madara, babu abin da ya rage in yi. Na tsaya ina 'yan dube-dube.

"Yaya, me na ce miki a kicin ranar nan?"

"Ba komai. Ciwo ne."

"Kada ki yi mini ƙarya, ina tune da kowace kalma. Na tambayi likita ko ciwon nan yana sa wa mutum abin da babu a zuciyarsa. Ta ce wani lokaci yana sawa, wani lokaci kuma birki kawai yake cirewa." Ta zaro gora ɗaya daga ruwa ta lanƙwasa ta gani ko ta yi laushi. "Maganar hanji shirme ce. Zagin kuma ki yafe mini, da ba ki buga wayar nan ba da yanzu 'yar nan ba ta hannuna. Amma maganar Wagdi ba ciwon ne ya kawo ta ba. Ta daɗe a nan."

Na ce na sani.

"Ba zan fizge shi ba, ke ce kika shayar da shi. Amma ranar Juma'a ki kawo mini shi ya kwana a nan. Ki haɗo masa da kayan makarantarsa."

Kwana ɗaya ta ce, amma mai kwana ɗaya ranar Juma'a ba ya bukatar kayan makaranta, kuma mu duka biyu mun san haka. Na shekara biyar ina gaya wa kaina cewa don ba ta da lafiya nake riƙe da shi. Da hannuna na tsare mata ƙofa har ta samu lafiyar, yanzu ba ni da sauran hujja. Na ji kamar in ce yaron ya saba, a bari sai hutu.

Na ce, "To. Ba ya cin ƙwai in an soya, sai dafaffe."